Rigar da Kaka Ta Wanke

Kakata ba ta yi ridda ba. Da wannan zan fara, don na gaji da matan da ke shigowa gaisuwa suna leƙen ƙarƙashin gado. Ba ta bar Musulunci ba, ba ta yi wa Yahudawa leƙen asiri ba, kuma ba ta ruɗe a ƙarshen rayuwarta ba. Abu uku ke nan da ake ta yayatawa a unguwarmu ta Nuzla tun ranar da aka kai ta, kuma dukansu ƙarya ne. Abin haushin shi ne, ni da na san gaskiyar na fi masu ƙaryar rikicewa. Ni ce nake karanta mata wasiƙun, ni na raka ta inda aka kore mu, amma har yau in aka ce in rantse ko daidai ta yi, ba zan iya ba.

Ranar Talata da hantsi ta cika, aka yi mata salla bayan la'asar. Kawu, ƙanin Umma, ya jera kujeru a lungunmu layi biyu suna kallon juna, yadda ake yi a nan Jidda, ya sa aka dafa gahawa. Rabin kujerun babu wanda ya zauna a kansu. Matar da ta wanke kayan rabin unguwar nan, ta yi jinyar masu jego ba adadi, ita ce aka bar wa kujeru fayau.

A cikin gida kuwa mata sun zo, amma da yawansu kallo ya kawo su. Maƙwabciyarmu ta bayan gida, wadda ta shekara ashirin tana aron turminmu, ta riƙe hannun Umma ta langaɓe kai.

"Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya yafe mata." Sai ta rage murya, amma ba ta rage yadda sauran ba za su ji ba. "Amma dai ta samu cikawa da kalma ko?"

Umma ta sunkuyar da kai. Ni na amsa.

"Ta cika da ita, Khala, a kunnena. Ke ma Allah ya sa ki samu."

Umma ta mintsine ni a cinya har wurin ya yi shati. Ban ba da haƙuri ba.

Wata kuma ta shiga madafa da sunan taya aiki, na same ta tana jujjuya tukwanen Kaka biyu, tana nuna wa 'yar'uwarta. To, bari in gama da maganar tukwanen nan. Kaka ba ta dafa nama a tukunyar da aka tafasa madara, ko cokalinsu ba ta haɗawa. Ta koyo haka ne a Omdurman, a gidan wani Bayahude ɗan kasuwar yadi inda ta yi aiki shekaru masu yawa bayan rasuwar kakana. In an tambaye ta sai ta ce, "Hannuna ne ya saba, ba zuciyata ba." Shekara da shekaru kowa ya san da tukwanen, ana ma yi mata tsiya a kansu. Sai bayan yaƙin nan na kwana shida tsakanin Larabawa da Yahudawa tukunya ta zama shaida.

Tana yarinya aka taso da ita daga ƙasar Hausa a ƙafa, da niyyar Hajji. Hanya ta cinye mata ƙuruciya. Ta yi aure a Sudan, ta haifi Umma da Kawu, mijinta ya rasu, ta shiga aikin gida. Sai da furfura ta fara fito mata sannan ta tsallako teku ta ga Ka'aba, daga nan ta zauna a Jidda ta kama wanki da guga. Gidajen unguwannin Balad da Ammariyya duk sun san ta. Da sassafe za ta ɗora ƙunshi a kai ta kama hanya, ba ta shiga tasi sai in ƙafa ta ƙi.

Tana da tsarinta. Kowane gida da launin zarensa. Kayan gidan mai kantin turare jan zare, na gidan likita kore, na gidan tsohuwar nan mai kyanwoyi ruwan ɗorawa. Da kaya sun shigo hannunta sai ta ɗinka ɗan zare a cikin wuya ko bakin ƙugu, inda ba ya gani. Kafin ta jiƙa komai kuma sai ta zazzage aljihu, ta bi kalmasa da yatsa. Duk abin da ya faɗo, maɓalli ne, tsinken gashi ne, guntun takarda ne, sai ta ƙulle shi da zaren gidan ta jefa a wani gwangwanin alewa. Na taɓa ganin ta mayar wa wata mata maɓalli ɗaya bayan shekara biyu, don matar ta yi ƙaura sai a lokacin aka gano gidanta. Matar ta yi dariya har da hawaye. Kaka ko murmushi ba ta yi ba.

"Kayan mutane ne," in ji ta.

Kalmarta ke nan. In na ɗauki mayafin wata na yafa a gaban madubi, kayan mutane ne. In Kawu ya ce a yi tsumman goge mota da wata tsohuwar riga da ba a zo karɓa ba, kayan mutane ne. Akwai shekarar da wani alhaji daga ƙasarmu ya rasu a masauki, babu nasa ko ɗaya. Ita ta wanke kayansa ta goge, ta yi ta bin ayarin alhazai tana tambaya har ta samu ɗan garinsu ta damƙa masa. Ba wanda ya sa ta.

Ni kuwa Radiyo take ce mini. "Kashe Radiyon nan mu ji da ranmu." Amma da ta ga an fara sa 'ya'ya mata a makaranta, ita ta tsaya wa Kawu a gaba sai da aka kai ni. Dalilinta ba ɓoyayye ba ne: tana son mai karanta mata wasiƙa wadda ba za ta kai labari waje ba. A nan ta yi kuskuren zaɓe, za ku ji.

Wasiƙar sau ɗaya take zuwa a shekara, lokacin Hajji. Ba a aiko irinta ta gidan waya. Wani ɗalibi ɗan Sudan ne yake kawo ta daga Ingila ya ba mahaifinsa a Omdurman, mahaifin kuma, wani tela mai rakiyar alhazai kowace shekara, ya kawo mana har gida a cikin kwalin dabino. Mai rubutowa ita ce 'yar maigidan nan mai yadi. Kaka ce ta goye ta tun tana jaririya, ita ta yaye ta, ita ta yi mata kitson farko. Da suka bar Sudan sai ta yi aure a Ingila. Dada take kiran Kaka. Da Larabcin Sudan take rubutu, a tsakiya ta jefo "sannu" ko "yauwa", kalmomin da ta tsotsa a bayan Kaka.

Da can wasiƙun ba su da wani abu: sanyi, yara, ciwon baya, wane ya mutu. Ta taɓa ba da labarin wurin ibadarsu, ta ce ƙarami ne, kuma maza da mata a jere suke zama, ba kamar na iyayenta ba. Kaka ta kama haɓa.

"A Omdurman mata gefe guda ake ware su. Yarinyar nan tun tana rarrafe ba ta zama inda aka ajiye ta."

Sai wasiƙar da ta zo a Hajjin farko bayan yaƙin. Lokacin duk Jidda kamar gidan makoki take. An ci Ƙudus. A makaranta malamarmu ta tarihi, wadda muke kira Abla kamar sauran malamai mata, Bafalasɗiniya ce 'yar Yafa. Tana tsaka da darasi sai ta tsaya ta kalli allo, mu ma mu yi tsit. Ina son matar nan kamar me. Da ta ce in faɗa teku da na faɗa.

A irin wannan hali na buɗe takardar, Kaka tana gefe tana hura gawayin dutsen guga.

'Yar goyonta ta ce an yi rikici a wurin ibadarsu. Sauran Yahudawan garin suna ta murna da raye-raye, su ma da farko sun yi ajiyar zuciya don sun zaci za a halaka danginsu. Amma ranar Asabar sai wani tsoho a cikinsu ya miƙe ya ce ya ga hoton mutane suna tsallaka kogi da ƙunshi a kai, da jarirai, kuma shi ma an taɓa korarsa da ƙunshi a kai, don haka ba zai iya rawa ba. Wani ya ce masa maci amana. Aka rabu biyu. Gidaje da yawa suka bar wurin, ba su sake dawowa ba. Waɗanda suka rage suka fara tara barguna da madarar jarirai ana kai wa sansanonin gudun hijira, suka rubuta takarda cewa a bar mutane su koma gidajensu. Ta ce tun daga nan yayanta ya daina amsa gaisuwarta, kuma an fasa musu gilashin taga.

Har na fara jin wani abu mai kama da tausayi. Sai na kai layi na gaba. Ta ce ɗan ƙanenta soja ne a can, cikin rundunar da ta ci Ƙudus, kuma kwana shidan nan ba ta runtsa ba, tana roƙon Allah ya dawo da shi lafiya.

Na yar da takardar a ƙasa.

"Kaka, wanda take yi wa addu'ar nan dangin Abla yake harbi fa!"

"Ɗauki takardar mutane."

"To ita da wa take? In da su take ta faɗa, in da mu take ta faɗa. Bargo a hannun dama, addu'ar soja a hagu, wannan wane iri ne?"

"Karatu na ce ki yi mini, Radiyo, ba sharhi ba."

"Sai kin gaya mini ɓangarenta."

Ta ɗora dutsen gugar a kan farar riga, ta danna, tururi ya tashi.

"Tana ɓangaren waɗanda ba sa barci," in ji ta. "Ci gaba."

Amsar ba ta gamsar da ni ba a ranar. Yau ma ba ta gamsar da ni ba, amma na kasa mantawa da ita.

Shekara ta zagayo, tela ya zo da kwalin da ya fi na kullum nauyi. A ƙarƙashin dabino akwai ƙunshi. Riga ce doguwa ta mata, farar saƙa da ta koma ruwan ƙasa, ƙirjinta da hannuwanta cike da ɗinkin jan zare, ƙanana ƙanana kamar an jera tsabar gero. Wasiƙar ta yi bayani. Mutanen wurin ibadarsu sun yanke shawara cewa duk wanda yake da wani abu da ya fito daga gidan Larabawa ya fito da shi a nemi mai shi. Ita kuma surukarta ta bar mata wannan rigar. Tun yaƙin farko, shekara ashirin baya, aka ba wani ɗan'uwan mijinta gida kusa da Yafa, ya tarar da akwati ba a ko buɗe ba, rigar tana ciki. Ta ce ta ji akwai Falasɗinawa da yawa suna aiki a Jidda. "Ya Dada," in ji ta, "ban san wanda ba ya ɓatar da kayan mutane ba sai ke."

Kaka ta shafa rigar, ta juya wuyan, ta duba inda ake sa zare.

"Ba a san gidan ba," ta ce. Ba ta ɗinka mata komai ba.

Daga ranar ta fara yawo da ita a ƙasan ƙunshin wanki. Duk gidan da ta ji akwai Bafalasɗiniya sai ta ƙwanƙwasa. Wata ta rufe mata ƙofa. Wata ta yi kuka ta ba ta shayi. Matar wani mai kantin magani ce ta duba ɗinkin da kyau, ta ce kowane yanki da irin ɗinkinsa, wannan furen lemo ne, na ƙauyukan da ke kewaye da Yafa. Da Kaka ta dawo da labarin, bakina ya riga hankalina.

"Ai Abla 'yar Yafa ce!"

Ranar da za mu je, Kaka ta tashi ta yi abin da ta iya. Ta sayi ruwa garwa biyu wurin mai ruwa, mai kyau, ba na rijiya ba. Ta jiƙa rigar a ruwan sanyi da gishiri don kada jan ya zuba. Ba ta cuɗa ba, ba ta buga ba, matsawa kawai take yi da tafin hannu kamar mai yi wa jariri wanka. Ta shanya a inuwa, ta goge ta bayan wani siririn ƙyalle, ta turara ta da turaren wuta. Rigar ta fito fes, jan yana ƙyalli. Ban taɓa ganin Kaka tana alfahari da aikinta kamar ranar ba.

Da la'asar ɗin Alhamis muka hau benen da Abla take haya a Ammariyya. Ta karɓe mu da fara'a, ta ce, "Ahlan ya Hajja, wannan jikar taki ta ishe mu da tambaya." Kaka ta kwance ƙunshin a kan tabarma. Larabcin Kaka na Sudan ne, na Abla na Sham, don haka ni ce a tsakiya inda magana ta sarƙe.

Abla ta daina murmushi. Ta durƙusa ta ɗauki rigar da hannu biyu, ta tusa fuskarta a ƙirjin ɗinkin. Ta daɗe a haka tana jan numfashi. Sannan ta ɗago.

"Wa ya wanke ta?"

Kaka ta dafa ƙirji. "Ni."

"Haram alaiki, ya Hajja. Haram alaiki! Rigar da ta fito daga akwatin ƙasarmu, kika sa mata sabulu? Me kika bar mini in shinshina? Turaren Nuzla?"

"Warin maganin asu take yi, 'yata, da danshin Turai. Ni ba na mayar wa mutum kayansa da datti."

"Dattin nan namu ne!"

Ban fassara wannan ba. Kaka ta ji.

Sai Abla ta tambayi inda rigar ta fito. Da wata ce da ta ce tsinta aka yi a gwanjo. Ni na faɗi gaskiya tiryan-tiryan, har da barguna, har da gilashin da aka fasa, ina zaton hakan zai sanyaya mata rai. Ta ninke rigar ta tura gaban Kaka da yatsu biyu.

"Sun ɗauki gida sun aiko da riga. Ki tambaye ta, gidan fa? Lambun fa? In tana son ta yi barci mai daɗi ba da hannuna za ta yi shi ba. Ba tawa ba ce, ba ta uwata ba ce. Ku kwashe."

Ranar Kaka ta yarda muka shiga tasi. Sai da muka kusa gida ta buɗe baki.

"Shekara hamsin ina wanki," ta ce, tana kallon taga. "Ba a taɓa ce mini na ɓata kaya ba."

Ni a raina da Abla nake. A raina kuma da Kaka nake. Na shiga gida ina jin haushin su biyun, da mai aiko rigar, da kaina.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Mutane sun ɗauka Abla ce ta baza labarin. Ba ita ba ce, ni ce. Washegari haushi ya cika ni, na zazzage wa ƙawata, 'yar maƙwabciyar nan mai aron turmi, na sa ta rantse. Kafin Juma'a ta zagayo, riga ta zama taswira, dabino ya zama saƙon asiri, tukwane biyu suka zama addini. Gidan mai kantin turare suka aiko a karɓi kayansu ba a ko wanke ba. Gidan likita suka ce sun samu wata. Kaka ta san inda maganar ta fito. Ba ta taɓa ce mini komai ba. Radiyon ma ta daina kirana, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo.

Kawu ne ya yi ta kumfar baki. Direba ne, kuma takardun zamanmu, wato iƙama, duka a hannun maigidansa suke, shi ne kafilinmu.

"Inna, in kafili ya ji wannan magana, halas, shi ke nan! Iƙamarmu ta tafi, a zuba mu a jirgin ruwa da yara da komai. Don tsumma? Ki kawo a ƙone."

"Kayan mutane ne."

"Waɗanne mutane? Mai rigar nan ƙila ta daɗe da mutuwa. Ba su ma san kina duniya ba!"

"Ni na san suna duniya."

Kada a ɗauka Kawu mugu ne. 'Ya'yansa biyar, kuma abin da yake tsoro yana faruwa da mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Shi ma ban iya cewa ya yi kuskure ba. Kun ga matsalar ke nan: duk wanda na juya na kalla a labarin nan sai in ga yana da gaskiyarsa.

Kaka ta ci gaba da nema har ƙafa ta gaza. Ta kwanta wata uku. Safiyar da za ta cika ta sa na matso, ta zaro makullin akwatin da ta adana rigar da wasiƙun daga wuya ta sa mini a hannu.

"Kar ki sa mata zare," ta ce. "Sai an san gidan." Can kuma ta ƙara, "Ƙila dai bai kamata in wanke ba, Radiyo."

Wannan ce maganarta ta ƙarshe da ni, ban da kalmar shahada.

Ranar uku da safe, ana ta girkin shinkafar sadaka a tsakar gida, na gudu ɗakinta don in huta da idanun mutane. Na buɗe gwangwanin alewar nan. Maɓallai da tsinkuna, kowanne ƙulle da zarensa, ja, kore, ruwan ɗorawa. A ƙasa akwai ƙullin takarda guda ɗaya da ba shi da zare. Na warware. Busassun ganyaye ne da suka farfashe, launin toka, da ɗan gari-gari kamar ƙasa. Na zauna ina kallo, sai abin ya faɗo mini. Kaka ba ta jiƙa kaya sai ta bi kalmasa da yatsa. Wannan daga rigar ya fito.

Bayan la'asar ɗakin mata ya yi tsit gaba ɗaya. Na leƙa. Abla ce a bakin ƙofa cikin baƙar abaya. Ta gaisa da Umma, ta zauna a tsakiyar matan da suka ce Kaka 'yar aiken Yahudawa ce, ita Bafalasɗiniya, ta ɗaga hannu ta yi mata addu'a da ƙarfi. Mai aron turmi ta rasa inda za ta sa idonta.

Ban jira ta gama shan gahawa ba. Na ja hannunta zuwa ɗakin Kaka, na buɗe ƙullin a tafin hannuna.

Ta sunkuya ta shinshina. Ta murza ɗan kaɗan tsakanin yatsu ta sake shinshinawa.

"Maramiyya," ta ce a hankali. "Ganye ne, a duwatsunmu yake fitowa. Uwata tana sa shi a shayi, tana cusa shi a cikin kayan da za a ajiye." Ta zauna a bakin gadon. "Me ya sa ba ta nuna mini ba?"

"Kin ba ta dama ne, Abla?"

Na zaci za ta mare ni. Sai ta yi wata 'yar dariya, ta goge ido da bakin mayafi.

"Kada ki ɗauka na sauko. Abin da na faɗa a kan matar can yana nan. Bargo ba gida ba ne."

"Na sani. Amma an fasa musu taga saboda ku."

"Mu kuma an ɗauke mana tagar da bangon da ke riƙe da ita."

Na ce ta ɗebi ganyen ko kaɗan ne. Ta girgiza kai, ta ƙulle takardar da kanta ta mayar mini.

"Na mai rigar ne."

Har ta kai ƙofa ta juyo. Ta ce saura wata biyu Hajji, kuma akwai tsofaffin mata da ke zuwa daga sansanoni ta jirgin ruwa, ana sauke su a masaukin alhazai kusa da tashar jiragen. Ta ce tsohuwar ƙauye tana gane ɗinkin 'yar garinsu kamar yadda nake gane rubutun ƙawata. "Ni ba zan riƙe ta ba," in ji ta. "Amma zan nuna miki waɗanda za ki tambaya."

Jiya Kawu ya kira ni gaban Umma. Ya ce ranar sadakar bakwai zai hura gawayi da kansa ya ƙone abin da ke akwatin Kaka, kuma ba ya son gardama. Na ce to, mu yi magana ta hankali. Mene ne abin tsoro a akwatin nan? Wasiƙu. In aka samu rigar Bafalasɗiniya a gidan Musulmi, ba wanda zai ce uffan. Ya sosa ƙeya, ya ce, "Ke dai da bakinki." A wurin Kawu wannan amincewa ce.

Saboda haka jibi zan miƙa masa wasiƙun duka ya ƙone. Raina ba ya so. Su kaɗai ne shaidar cewa akwai wasu mutane can da suka ƙi yin rawa, kuma akwai wata da har ta yi furfura tana kiran kakata Dada. Amma yaran Kawu biyar sun fi takarda. Na haddace adireshin, kuma tsoron nan ne ya sa ban rubuta sunan kowa a nan ba.

In tela ya zo zan ba shi amsa, ta farko da zan rubuta da bakina ba da na Kaka ba. Abu uku zan faɗa mata. Dada ta rasu, makullin amanarki bai bar wuyanta ba sai safiyar da ta cika. Rigar ba ta isa gida ba tukuna. Na ukun kuma tambayar Abla ce, yadda ta yi ta, ba zan sassauta ko kalma ɗaya ba: gidan fa? Ta kai wa mutanen wurin ibadarsu, tunda sun iya faɗa a kan gaskiya. Ban san ko ina ganin girmansu ba ne ko haushinsu nake ji. In sun amsa, ƙila in sani.

Jirgin farko yana sauka zan kasance a bakin masaukin da rigar a jakata, da ƙullin ganyen, da allura da zare, don ranar da wata tsohuwa za ta kama hannun rigar ta ce ta san gidan. In ban dace bana ba, baɗi. Kuma ko ƙurar tasha ta rufe ta, ko hannu ɗari sun taɓa ta, Kaka ki yafe mini, ba zan wanke ta ba.